Kwanon da Ba Shi da Alama

Duk wanda ya tashi a cikin unguwa ya san layin kwanuka a ƙofar mai injin niƙa. Da hantsi za ka tarar an jera su tun daga bakin inji har bakin kwata. Wannan roba ce ja, wancan kwanon samira ne mai tsaga a baki, wata ta ɗaure nata da tsohon ɗankwali, wata kuma ta soka tsinken tsintsiya a cikin dawar. Mai inji ba ruwansa da asalin kowa, a zuba masa ya niƙa. Ranar da kwanuka biyu suka yi kama kuwa, sai an kai ruwa rana kafin a rabu, domin gari ba ya faɗin gidan da ya fito.

Wannan layin ne ya faɗo mini a rai ranar da wani maƙwabcina mai gidan burodi ya same ni bayan la'asar, ransa a ɓace. Yana da ma'aikata kusan ashirin, masu kwaɓi da masu gashi da direbobi da yara masu sa leda. Ya nemi kwangilar kai burodi wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, aka ce sai ya kawo shaidar cewa yana biyan fanshon ma'aikatansa, da ta asusun diyyar rauni, da ta asusun horo, da ta haraji. Ya ce da ni, "Malam, da can babbar riga zan sa in je ofis, a gaisa, a tambayi iyali, in fito da takardata. Yanzu an ce in shiga intanet. Wa zan gaisar a can?"

Na ce, "Alhaji, ba kowa. Inji ne. Kwanukanka kawai za ka yi wa alama."

Bari mu fara da fansho, don nan ne aka fi yin ɓari. Adashe ne, sai dai kowa nasa zubin yake kwasa, kuma ba a kwasa sai ƙarfi ya ƙare. Dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, maigida ya ɗora aƙalla kashi 10, a kai kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan an biya albashi. Wanda ya yi jinkiri akwai tara a kansa, wadda ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na abin da ya riƙe ba, duk wata. Uwar adashen kuma ba ɗaya ba ce. An raba aikin gida biyu, kamar rumbun gandu da aka ba wani makulli aka ba wani littafi: kamfanin da ke juya kuɗin daban, wanda ke ajiye su daban, hukumar PenCom tana tsaye a kansu kamar mai unguwa. Mai littafi ba ya taɓa hatsi, mai makulli ba ya fitar da ko tiya ɗaya sai da umarni.

To kuɗin da maigida zai tura dunƙule suke, kamar buhu guda. Abin da ke rarraba su shi ne jadawali: sunan kowane ma'aikaci, kamfanin fanshonsa, lambarsa wadda ke farawa da PEN, watan da ake biya, da rabonsa. Wannan lambar ita ce tsohon ɗankwalin da aka ɗaure wa kwano. Shekara da shekaru ana tura kuɗi babu jadawali, ko da jadawalin da aka ci lamba ɗaya a ciki, sai kuɗin su isa gidan niƙa su rasa mai su. Maigida yana da rasit a aljihu yana ganin ya sauke nauyi, ma'aikaci kuwa asusunsa wayam, ba zai sani ba sai ranar da furfura ta kai shi neman haƙƙinsa. Shi ya sa aka koma biya ta wasu kafofin intanet da hukumar ta amince da su, waɗanda ke duba lambar kowa kafin kuɗi su wuce. In lamba ba ta dace da mai ita ba, nan take a dawo maka da kwanonka.

A nan ne masu gida ke fara tsaki, su ce na'ura ta cika taurin kai. Ni kuwa jaki nake ganinta. Jaki ba ya gyara kaya. Yadda ka ɗaura masa mangala haka zai tafi da ita, in gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, tun kafin a fita gari kaya za su zube. Jimillar da ke cikin jadawali gefe ɗaya ce, kuɗin da ka tura ɗaya gefen. Su zo daidai, jaki ya kama hanya ba tare da sanda ba. Su saɓa ko da da naira ɗari ne, ya toge. Akawun da muka saba da shi a da yakan duba fuskarka ya ce a bar shi haka, a gyara wata mai zuwa, watan kuma ba ya zuwa. Wannan alfarmar ce ta tafi, kuma ban yi kewarta ba, domin ba daga aljihun akawu ake yin ta ba, daga tsufan lebura ake yanka ta.

Na biyu shi ne asusun diyya da ke hannun NSITF, bisa dokar 2010. Kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi, kuma daga aljihun maigida kaɗai, haramun ne a cire ko sisi daga na ma'aikaci. Wannan kam takardar fasinja ce ta tashar mota. Ka san yadda ɗan kamasho ke miƙo takarda kafin mota ta tashi, kowa ya rubuta sunansa da lambar wani nasa. Mutane kan rubuta da ƙyuya, wani ma ya miƙa wa na kusa da shi ba tare da ya sa komai ba, don kowa na ganin lafiya zai sauka. Ba a sanin darajar takardar sai ranar da Allah Ya kawo tsautsayi a hanya. Gidan burodi kuwa tsautsayinsa a kusa yake: injin murza kwaɓi ba ya bambanta fulawa da yatsa, ga wuta, ga direba a kan titi tun asuba. In abu ya faru, doka ta ba maigida kwana bakwai ya kai rahoto, daga nan maganar magani da diyya ta tashi. Wanda sunansa ke cikin rajista, zancensa a miƙe yake. Wanda ba ya ciki, sai a fara dogon bayani alhali hannu yana naɗe da bandeji.

Asusun horo na ITF, mai hedikwata a Jos, wanda aka kafa a 1971, ba ya buƙatar dogon zance. Iri ne ake warewa daga girbi. Kamfanin da ya kai girman da doka ta ambata yana ba da kashi 1 cikin ɗari na albashin shekara, in kuma ya horar da ma'aikatansa ya kawo shaida, ana iya mayar masa da har rabin abin da ya bayar. Da yawa suna biya su manta da wannan rabin, kamar wanda ya kai ɗinki ya bar sauran yadinsa wajen tela.

Sai harajin albashi, wanda ake kai wa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha kafin 10 ga watan da ke biye, sannan a ƙarshen Janairu a miƙa lissafin shekara gaba ɗaya: wa da wa suka yi maka aiki, nawa ka biya su, nawa ka cire. Ranar 31 ga Janairu ita ce rijiyar unguwa a tsakiyar bazara. Wata guda cur tana nan da ruwanta ba mai leƙa ta, sai ranar ƙarshe kowa ya taho da gugansa a lokaci ɗaya. Igiyoyi su sarƙe, ruwa ya gurɓace, shafi ya yi ta juyawa ba ya buɗewa, ga wuta an ɗauke, ga data tana ƙonewa. Matan da suka san rijiya da asuba suke zuwa. Wanda ya shigar da nasa a makon farko na wata, cikin dare ko da sassafe, yakan gama kafin shayinsa ya huce.

Wajen biyan wasu daga cikin kuɗaɗen nan za ka ci karo da Remita, wadda ke ba ka wata doguwar lamba kafin ka biya. Kada ta ba ka tsoro. Ɗan katin nan ne da mai gadin babura ke ba ka a bakin kasuwa, ɗaya a hannunka ɗaya a maƙale jikin babur. Da shi za ka biya a banki ko ta waya, da shi kuma hukuma za ta gane cewa kuɗin da suka shigo naka ne. Ka adana shi, ka adana rasit, domin ran da aka ce ba a ga kuɗinka ba, rantsuwa ba ta fitar da babur.

Akwai wani abu da nake gani yana ba ni tsoro, shi ne yadda masu gida ke sakin makullinsu. Alhaji ba zai taɓa barin makullin shagonsa wajen mai shayi ya tafi Legas ba, amma zai bar yaron shagon kwamfuta ya buɗe masa shafi da imel ɗin yaron, da lambar wayar yaron, da kalmar sirrin da yaron kaɗai ya sani. Shekara ta zagayo, yaro ya tafi bautar ƙasa ko ya canza layi, kamfani ya tsaya a ƙofar gidansa yana sallama. Ba laifi ba ne a nemi wanda ya iya, kowa yana kai ɗinki wajen tela. Amma imel da lambar waya su zama na kamfani, kuma maigida ya zauna kusa ya ga abin da ake shigarwa da sunansa.

Ba zan ce tsarin ba shi da nauyi ba. Rijiya huɗu ce a unguwa huɗu, kowace da irin guganta. Sunayen mutum ashirin ɗin nan sai ka shigar da su nan, ka sake shigarwa can, kowane shafi da yadda yake son a jera masa, kuma duk da Turanci. Babban kamfani yana da ma'aikacin da wannan ne kaɗai aikinsa. Mai gidan burodi shi ne manaja, shi ne mai sayen fulawa, shi ne mai sasanta direba da ɗan sanda. Takardar shaidar fansho kuma ba a yin ta sau ɗaya a huta, tana mutuwa da ƙarshen Disamba, sai a sake nema, tare da shaidar inshorar rai ta ma'aikata wadda doka ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara. Da an haɗa ƙofofin nan wuri guda, a shigar da suna sau ɗaya kowace hukuma ta ɗebi abin da take so, da ƙananan masu sana'a da yawa da ke ɓuya sun fito fili.

Abin da ya fi damuna dai ba wannan ba ne. Rariya tana tare tsakuwar da aka zuba mata, amma ba ta san hatsin da aka bari a rumbu ba. Maigida mai ma'aikata ashirin zai iya shigar da uku, ɗansa da ƙaninsa da akawu, lissafi ya daidaita tsaf, takarda ta fito da hatiminta. Sauran goma sha bakwai sun zama fasinjan hanya, waɗanda direba ke ɗauka bayan an bar tasha: suna cikin mota, suna shan kwaranniya iri ɗaya da kowa, amma babu su a takarda. Kuma yawanci su ne na kusa da wuta da inji. Na faɗa wa maƙwabcina wannan ƙarara, don na ga alamar wani ya riga ya raɗa masa dabarar.

Ya yi shiru, ya ce, "Malam, fulawa ta yi tsada."

Na ce na sani, ina sayen burodi.

Bayan kwana biyu ya aiko a kira ni. Na tarar ya shimfiɗa tabarma a bayan gidan burodin, an sauke gashin safe, yana kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ɗansa na riƙe da kwamfuta a cinya. Nan aka ga abin da ke cikin rumbu. Mutum guda sunansa iri uku: yadda aka rubuta a katin ɗan ƙasa daban, na banki daban, wanda ake kiransa da shi a wurin aiki kuma laƙabi ne. Wani yana da lambar fansho tun wani kamfani da ya yi wa aiki a Bompai, ya manta da ita sai da aka tono a tsohon saƙon waya. Bakwai ba su taɓa buɗe asusun fansho ba. Babban mai kwaɓinsu, wanda ya fi shekara goma sha biyar a gidan, ya tsaya da fulawa har gwiwar hannu yana kallon allon, ya tambaya ko nasa layin ne wancan na huɗu. Aka ce nasa ne. Ya ce a ƙara masa girman rubutun ya gani, sannan ya nuna da ɗan yatsa cewa an rubuta sunan mahaifinsa ba daidai ba.