Me ya sa kociyoyin ƙwallon Amurka ke gudun dabarar da lissafi ya goyi baya?

A ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda hannu ya fi ƙafa aiki a cikinsa, ana ba ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo yunƙuri huɗu domin ta matsa gaba da yadi 10, wato kimanin mita 9. In ta cika tazarar, a ƙara mata wasu huɗu. In ta gaza, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya daga inda aka tsaya. Shi ya sa al'adar da aka gada ita ce, idan yunƙuri uku suka wuce ba a cika ba, a na huɗu sai a tula ƙwallon da ƙafa can nesa, domin abokan hamayya su faro daga baya.

A 2006, David Romer, masanin tattalin arziki a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya wallafa binciken da ya girgiza wannan al'ada. Bayan ya nazarci wasannin NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, ya gano cewa kociyoyi na sallama ƙwallo fiye da kima, musamman idan yadi ɗaya ko biyu ya rage. Dalilin a fili yake: wanda ya tula ƙwallo ya sayi 'yar tazara ne, amma ya bayar da abin da ake cin maki da shi.

Wanda ya fi kowa aiki da irin wannan tunani shi ne Kevin Kelley, tsohon kocin makarantar sakandare ta Pulaski Academy a birnin Little Rock na jihar Arkansas. Da wuya ya tula ƙwallo, ko da kuwa yana dab da gidansa. Haka nan bayan ya ci maki, maimakon dogon bugun da aka saba, yakan yi gajeren bugu, wanda doka ta yarda masu bugawa su sake cafke ƙwallon muddin ta yi tafiyar yadi 10. A wani wasa na 2011, yaransa sun tara maki 29 kafin 'yan makarantar Cabot su samu yunƙuri ko ɗaya. Kelley ya lashe kofin jiha sau tara.

Sai dai dabarar ba laya ba ce. Da ya koma kwalejin Presbyterian a 2021, wasa 2 ya ci, aka doke shi a 9, ya bar aikin bayan kaka ɗaya. Lissafi na ƙara wa ƙungiya dama, amma ba ya maye gurbin ƙwararrun 'yan wasa.

To me ya hana sauran kociyoyi gwadawa tun farko? Wasanni biyu na kaka guda sun ba da amsa. A Nuwamban 2009, Bill Belichick na New England Patriots yana gaban Indianapolis Colts da 34 da 28, saura kusan minti biyu, sai ya ƙi tula ƙwallo a yadi na 28 na ɓangarensa, alhali yadi 2 ya rage. Yunƙurin ya ci tura, Colts suka yi nasara da 35 da 34. Masu sharhi suka yi masa ca, duk da cewa masana alƙaluma da dama sun ce shawararsa na da hujja. A Fabrairun 2010 kuma, a wasan ƙarshe na Super Bowl, Sean Payton na New Orleans Saints ya shammaci Colts da gajeren bugu bayan hutun rabin lokaci, lokacin ana binsa 10 da 6. Yaransa suka cafke ƙwallon, suka ɗauki kofi da 31 da 17, aka yi ta jinjina masa.

Dukansu kasada suka yi da dalili, amma da sakamako aka yi musu hukunci. Kocin da ya bi al'ada ya faɗi, laifin 'yan wasa ne. Wanda ya saɓa mata ya faɗi, shi kaɗai zai sha zargi, wataƙila har aikinsa ya salwanta. Saboda haka abin da ya fi kare kujerar koci ba lallai ne ya zama abin da ya fi amfanar ƙungiya ba.

Yanzu dai ra'ayi ya sauya. A Super Bowl na Fabrairun 2018, Philadelphia Eagles sun ƙi bugun maki uku a yunƙuri na huɗu, suka jefa ƙwallo ga Nick Foles, wanda aikinsa jifa ne ba cafka ba, suka ci maki, kuma suka doke Patriots da 41 da 33. Ƙungiyoyi da yawa sun ɗauki masana alƙaluma aiki, kuma gwada sa'a a yunƙuri na huɗu ya daina zama abin mamaki.

Amma masu ƙungiyoyi, waɗanda ke jefa ƙuri'a kan dokokin NFL, su ke da maganar ƙarshe. Tun 2024, da aka sake fasalin bugun farawa domin rage raunuka, wajibi ne mai son gajeren bugu ya sanar tukuna. Shammatar da Payton ya yi a 2010 ta zama haramtacciya a yau.