Alƙahira a Watan Maris da Iskar Hamsin

A watan Maris sanyi yakan ja baya a Alƙahira, babban birnin Masar. Ma'aunin zafi yakan nuna kimanin digiri 23 da rana, 12 da dare. Lokaci ne mai kyau na ziyartar dalar Giza da Masallacin Azhar, wanda aka aza harsashinsa a 970.

Sai dai a lokacin ne iskar hamsin take kunno kai. Idan nauyin iska ya ragu a gaɓar Bahar Rum, sai busasshiyar iska ta kwararo daga Sahara ɗauke da ƙura. Saɓanin iskar hunturu, wannan zafi take kawowa. Ranar da ƙura ta turnuƙe, gara baƙo ya shiga gidan tarihi, musamman mai ciwon asma.