Sunayen Allah a cikin Baibul da ma'anarsu a wurin Kiristoci

Musulmi da dama sun haddace kyawawan sunayen Allah 99 tun suna makarantar Islamiyya. Kiristoci kuwa ba su da ƙayyadadden adadi irin wannan, domin littafinsu mai tsarki, wato Baibul, bai jera sunayen wuri guda ba. Sunayen suna warwatse ne a cikin labarai, kuma kusan kowanne yana ɗaure da wani mutum da ya shiga wani hali, ya kira Allah da sunan da ya dace da halin da yake ciki.

Saboda haka idan Kirista ya ambaci ɗaya daga cikin waɗannan sunaye a addu'a, galibi yana tuna labarin da sunan ya fito daga cikinsa ne.

Da Ibrananci aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari, kashin farko na Baibul, tare da wasu 'yan sassa da harshen Aramiya. Sabon Alkawari kuma da Girkanci aka rubuta shi. Ibrananci da Aramiya 'yan ɗaki ɗaya ne da Larabci, shi ya sa mai ilmin Larabci zai ji yawancin sunayen ba baƙi ba ne a kunnensa.

Elohim da danginsa

Sunan da aka fara ambata a Littafin Farawa, a labarin halittar sammai da ƙasa, shi ne Elohim, kuma ya zo fiye da sau 2,500 a Tsohon Alkawari. Tushensa ɗaya ne da kalmar Larabci ta ilah, haka ma Alaha da Kiristoci masu ibada da harshen Suryani ke amfani da ita a Iraƙi da Siriya har yau.

Siffar kalmar ta jam'i ce, amma idan ana nufin Allah na gaskiya aikatau ɗin da ke biye da ita na tilo ne. Wasu masu wa'azin Kirista sun ɗauki wannan a matsayin ishara ga aƙidar Triniti. Mafi yawan masana Ibrananci, ciki har da Kiristoci, sun fi ganinsa a matsayin jam'in girmamawa, kamar yadda Bahaushe ke ce wa dattijo ɗaya “ku”.

Gajeriyar siffar sunan ita ce El, kuma ita ce a ƙarshen sunaye irin su Jibrilu da Mika'ilu da Isma'ila. A Ibrananci ma'anar Isma'ila ita ce Allah yana ji.

Daga El ne aka gina wasu sunayen. El Elyon na nufin Maɗaukaki, kuma tushensa ɗaya da Al-Aliyyu. El Olam na nufin Madawwami. El Shaddai, wanda Baibul ya ce da shi Allah ya bayyana kansa ga Annabi Ibrahim yana da shekara 99 ba shi da ɗa daga Saratu, ana fassara shi da Mai Iko Dukka, ko da yake wasu masana na danganta asalin kalmar da dutse a tsohon harshen Akkadiya. Kalmar Shaddai ta zo sau 48, kuma 31 daga ciki a Littafin Ayuba suke, littafin mutumin da ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya.

Akwai kuma El Ro'i, wato Allah mai ganina. Hajara ce ta furta shi, a cewar sura ta 16 ta Littafin Farawa, lokacin da ta gudu daga gidan uwargijiyarta tana ɗauke da cikin Isma'ila, ta tsinci kanta ita kaɗai a bakin wata maɓuɓɓuga a hamada. Masu tafsirin Kirista kan lura cewa wannan baiwa 'yar Masar ita ce ta farko a duk cikin littafin da ta raɗa wa Allah suna da bakinta.

Sunan da ba a furtawa

Sunan da ya fi kowanne yawa da nauyi shi ne mai baƙaƙe huɗu, Y da H da W da H. Ya zo kimanin sau 6,800.

Sura ta 3 ta Littafin Fitowa ta danganta shi da ganawar Annabi Musa da Allah a gindin itacen da ke ci da wuta bai ƙone ba. Da aka umarce shi ya koma Masar, sai ya tambayi sunan da zai gaya wa Bani Isra'ila, amsar da aka ba shi kuma an gina ta ne a kan aikatau mai nufin kasancewa.

An yi wa wannan amsa fahimta biyu. Masana falsafar Kirista sun ce tana nufin Allah shi ne wanda samuwarsa ba ta dogara da kowa ba, abin da ya yi kusa da wajibul wujudi na malaman tauhidi. Masu tafsiri da dama kuwa sun ce alkawari ne cewa zai kasance tare da mutanensa. Idan aka dubi cewa saƙon na bayi ne da ke ƙarƙashin Fir'auna, fahimta ta biyu ta fi zama daidai da labarin, ko da yake ta farkon ce ta fi tasiri a littattafan aƙida.

Sunan tsoho ne ƙwarai. Yana rubuce a jikin wani dutse da Sarki Mesha na Mowab ya sa aka sassaƙa wajejen shekara ta 840 kafin haihuwar Annabi Isa. An gano dutsen a Dhiban ta ƙasar Jordan a 1868, yanzu kuma yana gidan tarihi na Louvre a Paris.

To sai dai tun kafin zamanin Annabi Isa Yahudawa suka daina furta sunan a harkokin yau da kullum, saboda tsoron keta dokar da ta hana ambatonsa a banza. Limamai kaɗai ke furta shi a cikin Haikalin birnin Ƙudus, wanda Rumawa suka rushe a shekara ta 70 miladiyya. Idan mai karatu ya iso wurinsa sai ya ce Adonai, wato Ubangijina.

Da yake a da ana rubuta Ibrananci babu wasulla, kamar Larabcin da ba a yi masa wasali ba, sai ainihin lafazin ya ɓace. Lokacin da malaman Yahudawa suka sanya wasulla tsakanin ƙarni na 7 da na 10, sun ɗora wasullan Adonai a kan baƙaƙen huɗu don tunatar da mai karatu abin da zai faɗa. Daga baya malaman Turai suka karanta baƙaƙen da waɗannan wasulla a haɗe, daga nan aka sami Jehobah. William Tyndale ya shigar da shi cikin fassararsa ta Turanci a 1530, ƙungiyar Shaidun Jehobah kuma ta ɗauki sunan a 1931. Akasarin masana a yau sun fi karkata ga lafazin Yahweh.

A 2008 fadar Vatikan ta umarci majami'un Katolika da su daina furta sunan a cikin waƙoƙi da addu'o'in ibada, su riƙa cewa Ubangiji kamar yadda aka gada. Amma gajeriyar siffarsa, Yah, tana bakin kowane Kirista, domin Halleluya na nufin ku yabi Yah. Ita ce kuma a cikin sunayen Zakariya da Iliya da Ishaya.

A kudancin Najeriya da Ghana ba wuya a ga an rubuta Jehobah Jire a jikin mota ko shago. Ma'anarsa Ubangiji zai tanada, kuma asalinsa sunan wurin da Annabi Ibrahim ya sami rago ne a madadin ɗansa. Baibul ya ce Ishaƙu ne ɗan, yayin da mafi yawan malaman Musulunci suka ce Isma'ila ne.

Siffofi

A wajen siffofi ne kusancin harsunan ya fi fitowa fili. Sura ta 34 ta Littafin Fitowa ta siffanta Allah da rahum, daga tushen da ya ba da Rahman da Rahim, wanda a harsunan biyu ke da alaƙa da mahaifar uwa. Kadosh shi ne Ƙuddus, Melek shi ne Malik, Hai shi ne Hayyu, Ehad kuma shi ne Ahad.

Malaman aƙidar Kirista kan kasa siffofin gida biyu. Akwai waɗanda Allah ya keɓanta da su, kamar rashin farko da ƙarshe da rashin canzawa. Akwai kuma waɗanda ake so bawa ya kwaikwaya gwargwadon iyawarsa, kamar jinƙai da adalci da haƙuri. Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya ce idan aka kira Allah mai hikima, kalmar gaskiya ce amma ba daidai take da hikimar ɗan Adam ba. A rubuce-rubucensa yakan kawo ra'ayoyin Ibn Sina da Ibn Rushd, wani lokaci ya yarda da su, wani lokaci ya yi musu raddi.

Siffar da Kiristoci suka fi ɗaukakawa ita ce ƙauna, wadda wasiƙar Yohanna ta farko ta mai da ita bayanin zatin Allah kansa.

Inda hanya ta rabu

Masu fassarar Girkanci da suka fara aiki a birnin Iskandariya a ƙarni na 3 kafin miladiyya sun bar gadon da ya yi tasiri matuƙa. A kwafe-kwafen wannan fassara da Kiristoci suka yaɗa, kalmar Kiriyos, wato Ubangiji, ita ce a madadin sunan mai baƙaƙe huɗu. Kiristocin farko kuma da wannan kalma suka riƙa kiran Yesu Almasihu, har suka ɗora masa ayoyin da a Ibrananci ke magana a kan Yahweh.

Maganar ba ta tsaya a fatar baki ba. A tsakiyar ƙarni na 2 an kashe Polikab, bishop na Simirna, wato Izmir ta Turkiyya a yau, bayan ya ƙi kiran Kaisar da wannan laƙabi tare da miƙa masa hadaya.

Sunan Yesu kansa daga Yeshuwa yake, ma'ana Yahweh yana ceto. Imanuwel, wanda Linjilar Matiyu ta ba shi, na nufin Allah yana tare da mu.

Sunan da ya fi raba Kirista da Musulmi shi ne Uba. Bai yawaita a Tsohon Alkawari ba, amma a Linjilar Yohanna kaɗai ya zo fiye da sau 100. Sau uku Sabon Alkawari ya bar kalmar a asalinta na Aramiya, wato Abba, wadda ba ta buƙatar fassara a Kano ko Maiduguri.

Kiristoci na jaddada cewa ba haihuwa ta jiki suke nufi ba idan suka ce Uba da Ɗa. A wurinsu dangantaka ce ta tun fil azal a cikin zatin Allah ɗaya, kamar yadda tarukan bishop-bishop na Nikiya a 325 da Kustantaniya a 381 suka tsara. Kalmar Triniti ba ta cikin Baibul. Tertuliyan, marubuci ɗan birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, shi ne ya fara amfani da ita da harshen Latin a farkon ƙarni na 3.

Musulunci bai amince da wannan aƙida ba, kuma Suratul Ikhlas da wasu ayoyin Suratun Nisa'i da Ma'ida sun fito fili a kanta. Ko laƙabin Kalma, da littattafan biyu suka bai wa Annabi Isa, ma'anarsa ta bambanta. Musulmi na fahimtarsa a matsayin umarnin da aka halicce shi da shi, Kiristoci kuwa na cewa Kalmar ba halitta ba ce.

Wasu masu fassara sun yi ƙoƙarin sauya Uba da Ɗa da kalmomi masu sauƙin karɓuwa a ƙasashen Musulmi, abin da ya jawo suka daga majami'u da dama. A 2013 wani kwamitin da Ƙawancen Ikilisiyoyin Bishara na Duniya ya kafa ya ba da shawarar a bar kalmomin da ke nuna uba da ɗa kai tsaye, a yi bayaninsu a gefe.

Kalmar Allah a bakin Kirista

Al'adar masu fassara ita ce su ɗauki sunan da jama'a suka riga suka sani. Yarabawa suka ce Olorun, Ibo suka ce Chineke ko Chukwu, masu Suwahili suka ce Mungu. Kiristocin Larabawa na cewa Allah, kuma haka yake a fassarar Larabci da aka kammala a Beirut a 1865. Mutanen tsibirin Malta, waɗanda akasarinsu 'yan Katolika ne, na cewa Alla.

Cikakken Baibul na Hausa ya fito a 1932, kuma Dokta Walter Miller na mishan ɗin Zariya na cikin manyan waɗanda suka yi aikin. Allah da Ubangiji su ne kalmomin da Kiristoci masu ibada da Hausa suka saba da su daga Jos har Maraɗi, ba tare da wata doka ta shiga tsakani ba.

A Malesiya lamarin ya kai gaban kotu. A 2007 gwamnati ta hana jaridar Katolika mai suna Herald amfani da kalmar Allah a shafukanta na harshen Malay. Babbar kotu ta bai wa jaridar gaskiya a ƙarshen 2009, aka kai wa majami'u da dama hari a watan Janairun 2010, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013. Kotun ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar a 2014.

A wata shari'ar daban, babbar kotu ta yanke a watan Maris na 2021 cewa umarnin gwamnati na 1986 da ya hana wallafe-wallafen Kirista amfani da kalmar ya saɓa wa doka. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, amma ta janye ta a 2023.