Zaurancen Kwamfuta: Yadda Ake Kulle Faifan Ajiya Gaba Ɗayansa

Da yawa daga cikin masu kwamfutar tafi-da-gidanka sun ɗauka cewa kalmar sirrin da suke bugawa idan sun kunna na'ura ita ce kwaɗon da ke tsare musu bayanansu. Wannan zato akwai gyara a cikinsa. Kalmar nan ƙofar zaure kawai take rufewa. Duk wanda ya iya riƙe sukuddireba zai iya kwance faifan ajiya, ya jona shi a wata kwamfutar, ya karanta komai ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba.

A Kafanchan wannan magana ta shafi mutane da dama. Tun shekarun 2000 Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loco ta yi suna wajen koyar da kwamfuta da kai intanet karkara. Ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga kuma dillalan citta na Kachia da Kwoi masu ajiye lissafin bashi a na'ura. Malami yana ɗauke da sakamakon jarrabawa, ma'aikaciyar jinya tana ɗauke da sunayen masu karɓar magani, kuma duk suna shiga motar haya zuwa Kaduna ko Jos da jaka a cinya. Idan jakar ta ɓata, asarar kuɗin na'ura ita ce ƙarama.

To, mene ne kulle faifai gaba ɗaya? Mai karatu ya san zaurance, inda yara kan cusa wata gaɓa cikin kalmomi don kada na gefe ya gane zancensu. Haka kwamfuta take yi, sai dai nata zaurancen na lissafi ne. Duk abin da za a rubuta a faifan sai an juya shi ya zama tarkacen lambobi marasa ma'ana, ba ya komawa daidai sai da mabuɗi. Tsarin da aka fi amfani da shi sunansa AES. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙiro shi, gwamnatin Amurka ta amince da shi a 2001. Zaurancen yara akan gano shi cikin 'yan mintuna, amma mabuɗin AES babu wata kwamfuta a yau da za ta iya cankarsa ta hanyar gwada ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin cewa "gaba ɗaya" shi ne kwamfuta ba ta da tsabta wajen ajiya. Takardar da ka buɗe tana barin kwafi a wurare da dama, wadda ka goge ma sau da yawa tana nan, sunanta kawai aka cire daga jeri. Kulle jaka guda bai isa ba ke nan. Wannan ne ma ya sa mai sayen kwamfutar gwanjo kan iya tono hotuna da wasiƙun mai ita na farko.

Misali sananne ya faru a Amurka a 2006, lokacin da aka sace kwamfuta da faifan ajiya a gidan wani ma'aikacin hukumar kula da tsofaffin sojoji. Bayanan mutane kimanin miliyan 26.5 ne a ciki, kuma ba a kulle suke ba. A Nijeriya kuwa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk wata ma'aikata da ke riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su, da kuma sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan aka samu ɓaraka mai haɗari.

Kayan aikin ba sai an saya ba. Windows yana da BitLocker tun fitowar Vista a 2007, kwamfutocin Apple suna da FileVault, masu Linux suna da LUKS, akwai kuma VeraCrypt da ake saukewa kyauta. Kafin a fara, a kwafe muhimman takardu a wani wuri, a kuma cika batir, tunda halin wutarmu ba a ɓoye yake ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne mabuɗin ceto. BitLocker yakan ba mai na'ura lambobi 48 ranar da aka kunna shi. A kullum ba a buƙatarsu, domin akwai wani ɗan ƙaramin sashe a cikin na'urar, TPM, da ke riƙe mabuɗi. Amma ranar da mai gyara ya sauya wani abu a cikinta, ko ya mayar da faifan wata kwamfutar, sai ta tsaya cak ta ce a kawo lambobin. Idan babu su, kundin digiri na shekara guda ya tafi, kuma babu gwanin da zai dawo da shi. Daga 2024 sababbin kwamfutoci masu Windows 11 da yawa suna kulle kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, su ajiye mabuɗin a can, mai ita bai ma sani ba. Wanda ya bar mai shago ya buɗe masa asusu da adireshin da bai riƙe ba, ya binciki wannan tun yau. A ganina a rubuta lambobin a takarda, a ajiye tare da takardun makaranta a gida, ba cikin jakar kwamfutar ba.

Kullen yana da iyakarsa. Yana aiki ne sosai idan na'ura a kashe take. Da zarar ka buɗe ta, mabuɗin yana cikin ƙwaƙwalwarta, don haka ba zai hana ƙwayar cutar kwamfuta shiga ba, ba zai hana abokin ɗaki leƙe ba idan ka fita ka bar ta a kunne. Rufe murfi kawai barci ne take yi. Mai shirin tafiya ya kashe ta ɗungurum kafin ya nufi tasha, filashin da ke aljihunsa ma ya kulle shi daban, domin kullen faifan ciki bai shafe shi ba.