Kwana Biyu a Rairayin Ursi: Inda Muka Tuna Ma'anar Zango

A nan Widi, in aka tambayi yaro daga ina yake, sai ya ce shi ɗan Zongo ne. To amma yara nawa ne suka san cewa zango ba unguwa ba ce tun asali, wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana ne? Mu kanmu ba mu gane kalmar sosai ba sai da muka kwana a wani masaukin baƙi cikin rairayin Ursi, a lardin Udalan, 'yan shekaru kafin hanyar ta toshe.

Da farko mun ɗauka wannan harkar Nasara ce. Mukan ga motocinsu sun bar Wagadugu sun nufi arewa, mu riƙa dariya muna cewa, wane mai hankali zai biya kuɗi don ya kwana a ƙasa? Wani ɗan'uwanmu mai fataucin dabbobi ne ya matsa mana, muka bi shi a lokacin hunturu. Daga Wagadugu zuwa Dori ya haura kilomita 250. Muka wuce Gorom-Gorom ran Alhamis, ranar kasuwa, inda Buzaye da Fulani da Sonrai ke haɗuwa, ga kuma Hausawa sun baza haja. Daga nan saura kamar kilomita 40, amma sai da mota ta kafe cikin yashi muka sauka muka tura.

Masaukin ba wani gini ba ne. Bukkoki ne na tabarma, da gadon itace, da fitilar kwai. Babu lantarki, babu famfo. Ruwan wanka bokiti ɗaya ne, an jawo shi da guga, kuma in ka ga yaron da ya ɗauko shi ba za ka yarda ka zubar da ko moɗa ɗaya ba. Mai masaukinmu, wani dattijon Buzu, ya ce mana: "Malamai, ku kakkaɓe takalmanku da safe saboda kunama, kuma kada ku taka ciyawa ba takalmi, ƙarangiya ba ta san baƙo ba." Da dare aka gasa gurasa cikin yashi mai zafi ƙarƙashin garwashi, aka dafa shayi har sau uku. Sanyi ya sauko har muka nemi bargo biyu-biyu. Muka kwanta muna kallon Kaza da 'Ya'yanta, taurarin da fitilun birni suka ɓoye mana.

Da gari ya waye aka kai mu bakin tafkin Ursi. Tun 1990 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, domin tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai a nan suke sauka, kusa da garken shanu. Sa'an nan muka ga Hu-Beero, wato babban gida da harshen Sonrai. Gidan ƙasa ne mai bene da ya ƙone kusan shekara 900 da suka wuce, masana daga Jamus da jami'ar Wagadugu suka tono shi a 2000 da 2001, aka buɗe ɗakin tarihinsa a 2006.

A dare na biyu ne magana ta fito. Wani tsoho cikinmu ya dubi wutar da raƙuman da aka dabaibaye, ya ce: "Yara, abin da Nasara ke biyan kuɗi su gani, shi ne aikin kakanninmu." Gaskiya ya faɗa. Fataken da suka taso daga Kano da Sakkwato da kanwa da fatu da rinannun tufafi, suka ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi zuwa Salaga neman goro, haka suka kwana wata da watanni, madugu na tsara tafiya, jagaba na gaba yana neman ruwa da wurin sauka. Inda suka saba sauka shi ya zama Zongo, wasu suka yi aure suka zauna, aka haife mu.

Yau ba mai ba kowa shawarar wannan tafiya. A Afrilun 2015 aka sace wani ɗan ƙasar Romaniya a ma'adinin Tambao, a Agustan shekarar aka kai hari kan jandarmomin Ursi, daga nan baƙi suka ɗauke ƙafa. Masu raƙuma, da masu dafa abinci, da mata masu ɗinkin fata, duk abincinsu ya yanke, kuma mutanen arewa da yawa sun bar gidajensu, wasu suna nan cikinmu a Wagadugu.

To jama'a, baƙon da ya sauka a zango ba a tambayarsa ƙabila kafin a ba shi ruwa. Waɗanda suka shimfiɗa mana tabarma jiya, yau su ke neman inuwa. In mun rufe musu ƙofa, me za mu gaya wa yaranmu sunan unguwarmu ke nufi? Allah ya maido da zaman lafiya a ƙasarmu, ya buɗe hanyar arewa, amin.