Shin Ko Kun San? Jam'iyyar Kwaminis ta San Marino

Shin ko kun san cewa akwai ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 61 ba, wadda Italiya ta kewaye ta ko'ina, amma 'yan gurguzu suka mulke ta shekara 12 ta hanyar akwatin zaɓe? Sunanta San Marino.

• An kafa Jam'iyyar Kwaminis ta San Marino a 1921, a matsayin reshen takwararta ta Italiya. Da 'yan fasist suka karɓi mulki a 1923, sai ta koma aiki a ɓoye har tsawon shekara 20.

• A zaɓen 1945 ta haɗa kai da Jam'iyyar Soshalis suka yi nasara, suka kafa gwamnati a Yammacin Turai, yankin da ke adawa da Tarayyar Sobiyet.

• Majalisar ƙasar kujeru 60 gare ta, kuma ita ke zaɓen shugabannin ƙasa guda biyu da ke mulki tare na wata shida kacal.

• Bayan da sojojin Sobiyet suka murƙushe boren Hangari a 1956, wasu 'yan Soshalis suka fice daga ƙawancen, majalisa ta rabu 30 da 30. A Satumban 1957 ɗan majalisa ɗaya ya sauya sheƙa, 'yan adawa suka zama 31.

• Jam'iyyun da ke mulki sun riga sun sa 'yan majalisarsu sun rattaba hannu a takardun murabus marasa kwanan wata. Ranar 19 ga Satumba aka fito da takardun, har da na waɗanda suka ɓalle, aka ce majalisa ta rushe.

• 'Yan adawa suka ce ba ta saɓu ba. Suka tare a wata tsohuwar masana'anta da ke Rovereta, daf da iyaka, suka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya. Italiya ta amince da su, jami'an tsaronta suka datse hanyoyin shiga ƙasar. Cikin watan Oktoba gwamnatin gurguzu ta sauka.

• Jam'iyyar Kwaminis ta dawo gwamnati a 1978. A 1986 kuma ta ƙulla ƙawance da Jam'iyyar Kiristoci 'Yan Dimokuraɗiyya, wadda ta jagoranci kifar da ita a 1957.

• A 1990, daidai lokacin da gwamnatocin gurguzu ke rugujewa a Gabashin Turai, ta ajiye sunan kwaminis. Masu ra'ayin riƙau ba su yarda ba, suka ɓalle suka kafa tasu jam'iyyar a 1992.