Kanwa tana kashe tsami, amma ina gishirinta yake zuwa?

A garuruwan Sabon Birni da Isa, irin su Gangara, inda rashin tsaro ya sa zuwa asibiti sai ta kama dole, kanwa ta zama likitan gida. Mai ƙwannafi ya jiƙa ungurnu ya sha, mai gyambon ciki ma haka, mai jego kuwa kunun kanwa za a yi ta ɗura mata har ta yi arba'in. Da ka yi magana sai a ce ai kaka da kakanni sun sha, kuma ana sha ake jin sauƙi.

Sauƙin gaskiya ne. Matar da ta jefa kanwa a tukunyar yakuwa, kumfa ya taso, tsami ya mutu, ta ga abin da ake koya wa 'yan sakandare a darasin sinadarai: asid ya gamu da mai kashe kaifinsa, aka samu ruwa da gishiri da iskar da ke fita a kumfa. A tumbi ma haka ne. Iskar ce ke fitowa a gyatsa, mutum ya ce magani ya kama.

Sai dai tumbi ba ya daina tatso asid, gyambon kuma yana nan. Tun 1982 Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Kanwa ba ta taɓa wannan ƙwaya. Mai shanta kamar mai kwashe ruwa ne a ɗaki mai yoyo, bai hau ya gyara rufin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake cewa kanwa ba gishiri ba ce, don kawai ba ta da ɗanɗanonsa. Sodiyam ɗin da ke cikin gishirin miya, wanda ke riƙe ruwa a jiki ya tayar da jini, shi ne maƙare a cikinta. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun yi nazarin matan Zariya da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, ga kumburin ƙafa ga haki, suka danganta hakan da kunun kanwa da wankan jego. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilai, ciki har da ƙarancin sinadarin seleniyam, don haka laifin ba na kanwa kaɗai ba ne. Amma zuciyar da ta riga ta gaji, ƙara mata wannan kaya zalunci ne.

Ma'aikatan lafiya kan ce wa mai hawan jini ta rage gishiri da magi, su yi shiru a kan kanwa. Ta koma gida ta bi umarni, miya lami, da safe kuma uwar miji ta miƙo mata ƙwarya cike da kunun kanwa.